GARIN NEMAN GIRA: Labarin Ƙwallon Jami'ar Nebraska Da Masu Koyar Da Shi

A tsakiyar ƙasar Amurka akwai wata jiha da ake kira Nebraska, ƙasar noman masara da kiwon shanu, shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. A ƙidayar 2020 mutanenta ba su cika miliyan 2 ba. Ba su da wata babbar ƙungiyar wasa irin ta manyan birane, saboda haka duk tinƙahonsu ya tattaru wuri guda, watau ƙungiyar ƙwallon Jami'ar Nebraska da ke Linkon, babban birnin jihar. Sunan da aka yi wa 'yan wasan a bakinsu ma'anarsa masu ɓare masara.

Kada mai karatu ya zaci tamaular nan ce da muka saba bugawa da ƙafa. Ƙwallonsu dogo ne kamar gwanda, rungumarsa ake yi a ruga da shi, ko a jefa wa abokin wasa, abokan hamayya kuwa su kama mutum su kā da shi. Mutum 11 ne kowane gefe, kowa da kwalkwali a ka. Ɗaliban jami'a ne ke yinsa, galibi ran Asabar, daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba, wasa 12 a shekara. Ƙungiyar da ta ci 6 a ciki akan gayyace ta wani wasan girmamawa na ƙarshen shekara.

Filin wasan Linkon yana cin mutum fiye da 85,000. Ran da ya cika, ba garin da ya fi shi jama'a a jihar duka sai Omaha da Linkon ɗin kanta. Tun daga 3 ga Nuwamba 1962 ba a yi wasa a filin nan da tikiti ya yi kwantai ba, in ban da 2020 da annoba ta hana taro. A Satumba 2024 aka cika wasa 400 a jere.

ZAMANIN DAƊI

Bob Devaney ne ya kafa wannan daula. Ya zo a 1962, ya ci kambin ƙasa duka a 1970 da 1971. Da ya sauka, mataimakinsa Tom Osborne ya gaje shi, ya riƙe ƙungiyar shekara 25, daga 1973 zuwa 1997. A ciki ya ci wasa 255, aka cinye shi 49, aka yi kunnen doki 3, kuma bai taɓa yin shekarar da ya ci ƙasa da wasa 9 ba. Ya rufe da kambin ƙasa har uku, a 1994 da 1995 da 1997. Dabararsu ba ɓoyayya ba ce. Sukan tara ƙarfafan samari, da yawa 'ya'yan manoman jihar da suka zo don kansu ba da tallafin karatu ba, a horad da su da ɗaga ƙarfe, su yi ta ture abokan hamayya da gudu har su gaji.

To, yaron da aka haifa a Nebraska a 1962 ya kai shekara 40 bai ga ƙungiyarsa ta kammala shekara faɗuwa ta fi ci yawa ba. Wanda ya tashi haka yakan ɗauka nasara gādonsa ce. Daga nan matsalar ta faro.

KORAR FARKO

Osborne ya bar wa mataimakinsa Frank Solich. Shi kuwa ya ci kambin rukuninsu a 1999, ya kai wasan kambin ƙasa na kakar 2001, Jami'ar Miami ta cinye su 37 da 14. A 2002 aka yi ci 7 faɗuwa 7, sai gunaguni ya tashi. Solich ya sake mataimaka, a 2003 ya ci 9 cikin 12. Duk da haka shugaban sashen wasanni, Steve Pederson, ya sallame shi, yana mai cewa ba zai zuba ido ƙungiyar ta zama ta tsaka-tsaki ba. Mutumin da aka kora ya ci wasa 58, an cinye shi 19 kaɗai.

Aka ɗauko Bill Callahan daga ƙungiyoyin masu cin abinci da wasa. Ya watsar da tsohuwar dabarar gudu, ya kawo ta jifa. A shekararsa ta farko, 2004, aka ci 5 aka faɗi 6, abin da ba a gani ba tun 1961, aka kuma rasa wasan ƙarshen shekara bayan an yi 35 a jere. A 2007 Jami'ar Kansas ta zuba musu 76 da 39. Shekarar nan aka kori Pederson, Osborne ya komo ya riƙe sashen, ya sallami Callahan.

Sai Bo Pelini, mutum mai zafin rai, wanda ya yi shekara 7 bai taɓa cin ƙasa da 9 ba. Amma manyan wasanni sun riƙa kuɓuce masa ta mummunar hanya, kamar ran da Wisconsin ta yi musu 70 da 31 a wasan kambin rukuni na 2012. A 2014 aka kore shi, shi ma yana da ci 9 cikin 12, daidai da Solich. Mike Riley da ya biyo baya ya tashi da ci 19 faɗuwa 19, ya tafi a 2017.

ƊAN GIDA YA DAWO

Nan fa jama'a suka ce magani ɗaya ya rage, a kira ɗan gida. Scott Frost ɗan jihar ne, shi ne madugun 'yan wasa a fili shekarar kambin 1997, ga shi kuma a 2017 ya jagoranci wata jami'a a Florida ta ci wasanninta 13 duka. Aka tarye shi kamar ango. Wannan karon ba wanda zai ce an yi masa gaggawa, gama an ba shi shekara huɗu cur, har ya shiga ta biyar, alhali ko sau ɗaya ci bai fi faɗuwa yawa ba.

Abin da ya fi ƙona wa 'yan kallo rai shi ne irin faɗuwar. A 2021 an ci 3 an faɗi 9, kuma a cikin taran nan babu inda ratar ta kai maki 10. Kowace Asabar sai an ga nasara ta zo bakin ƙofa, sa'an nan wani ɗan kuskure ya kore ta. A shekarar ne ma sai da waɗansu masu hali suka saye ragowar tikitin wasa guda suka raba wa yara, don kada lissafin nan na tun 1962 ya yanke.

A Agusta 2022 aka tafi Dublin ta ƙasar Ayalan don karawa da Northwestern. Nebraska na gaba da 28 da 17, sai Frost ya sa aka yi wani gajeren bugu na caca don ƙwallo ya komo hannunsu. Bai komo ba, aka cinye su 31 da 28, kuma Northwestern ba ta ƙara cin kowa ba a shekarar. Bayan mako biyu Georgia Southern, ƙaramar ƙungiyar da aka biya fiye da dala miliyan 1 don ta zo a cinye ta, ta doke su 45 da 42 a gida, ɗalibai na ihun a kore shi. Kashegari, 11 ga Satumba, aka sallame shi da ci 16 faɗuwa 31. Kuɗin sallamarsa dala miliyan 15 ne. Da an jira 1 ga Oktoba da rabin haka za a biya, amma haƙuri ya riga ya ƙare.

LAIFIN WA?

Masu fushi suna da hujja. Talaka ya sayi tikiti da guminsa, ya yi tafiyar sa'o'i daga ƙauye, ga mai koyarwa yana karɓar miliyoyi, dole a tambaye shi aikinsa. Sai dai in gona ta ƙi albarka a hannun manomi biyar bi da bi, ya kamata a duba ƙasar.

Ƙasar kuwa ta sāke. A da, jami'o'i kaɗan ake nunawa a talabijin, Nebraska na ciki, yaro mai hazaƙa kuwa can yake so a gan shi. A 1984 Kotun Ƙoli ta Amurka ta kwance wannan ƙulli, sannu a hankali kowa ya sami shiga. A wancan zamani an kuma ƙayyade yawan 'yan wasan da jami'a za ta ɗauki nauyin karatunsu zuwa 85, saboda haka babba ta rasa halin kwashe gwanaye ta ajiye. A 2011 Nebraska ta bar rukuninta ta koma wanda ake kira Big Ten, ta daina zuwa wasa Texas a kai a kai, jihar da take samo samari da yawa. Daga 2021 kuma ɗalibi yana iya karɓar kuɗi da sunansa, yana iya ƙaura wata jami'a ya ci gaba da wasa nan take. Jiha mai ƙarancin jama'a da tsananin sanyi ita ta fi jin wannan a jika.

Kowace kora kuma tana da nata hasara. Sabon mai koyarwa yakan zo da dabararsa, ya iske yaran da aka zaɓo don wata dabara dabam, kafin nasa su ƙware wa'adinsa ya cika. Malamin da ya taɓa karɓar aji a tsakiyar shekara ya san wannan, haka ma akawun da aka sake masa shugaba sau uku, kowane da irin tsarin fayil ɗinsa.

Solich kuwa ya tafi Jami'ar Ohio a 2005, aka bar shi shekara 16, ya ci wasa 115, fiye da kowane mai koyarwa a tarihin rukunin nan. A Nebraska har aka riƙa cewa, rabi wasa rabi gaske, alhakinsa ne ke bin su. A 2023 suka gayyato shi filin Linkon, jama'a suka miƙe suka yi masa tafi.

Matt Rhule, wanda aka ɗauka a Nuwamba 2022, ya ci 5 a 2023. A 2024 ya ci 7 ya faɗi 6, ya kai su wasan ƙarshen shekara karo na farko tun 2016, suka cinye Kwalejin Boston 20 da 15. Aka yi murna ƙwarai. Jama'ar da aka kori mutum biyu a gabansu don ci 9 bai isa ba, ga su suna shagalin ci 7. Hausawa dai sun riga sun faɗa, garin neman gira akan rasa ido. Duk wanda aka ba ikon ɗauka da sallama, a makaranta ko a ofis, kafin ya sa hannu a takarda ya fara tambayar kansa ko mutumin ne ya gaza, ko kuwa zamani ne ya juya.