Turancin Ruwa: Kalmomin da Mutanen Gwandu da Kalgo Ya Kamata Su Sani

Ledar ruwan da ake tallanta a tashar Kalgo, da tankin da aka kafa a makarantar firamare a Gwandu, da sanarwar ambaliya da ake turowa a waya, duk da Turanci suke zuwa mana. Da yawa daga cikinmu kallon rubutun kawai muke yi mu wuce, alhali a cikinsa akwai gargaɗin da ya shafi rai da dukiya.

Mu fara da fiyawata. Sunan ya fito ne daga "pure water", wato tsarkakakken ruwa, amma suna ba shaida ba ne. Kafin ka fasa leda da haƙori, duba lambar hukumar NAFDAC da adireshin masana'anta. Duba kuma "best before", wato ranar da wa'adin ruwan zai ƙare. Ledar da rubutunta ya goge, ko ta sha rana har ta yi yauƙi, a bar wa mai ita.

A jikin tanki ko motar dakon ruwa, "potable" na nufin ana iya sha. "Non-potable" ko "not for drinking" kuwa ruwan gini ne da ban-ruwa da wanki. Kada a rikita shi da "portable", wanda ma'anarsa abin da ake iya ɗauka kawai. Shi kuma "distilled water" da ke shagon masu gyaran mota, ruwan batir ne, ba a ajiye shi inda yaro zai kai hannu.

Idan ma'aikacin lafiya ya ce rijiya ta zama "contaminated", ta gurɓata ke nan, ko da ruwanta garau yake a ido. Yawanci shadda ce ko kashin da aka yi a fili ke tsatsafowa cikinta da damina, shi ya sa ake son tazarar mita 30 tsakanin rijiya da masai. "Treated water" shi ne wanda aka kashe ƙwayoyin cutar cikinsa. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe cuta. Mai kashewa shi ne tafasawa har ruwan ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko sa kulorin irin su Aquatabs bisa ma'aunin da ke jikin takardarsa, a jira minti 30 kafin a sha.

Sakaci a nan ne ke kawo kwalara. A shekarar 2021 hukumar NCDC ta ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Kebbi na cikin jihohin da abin ya taɓa. In an ce "dehydration", ruwan jiki ne ya ƙare: ido ya faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ɗauke. ORS shi ne ruwan gishiri da sukari. A litar ruwa mai tsafta a sa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba mara lafiya ana kan hanyar asibiti.

Sai batun ambaliya. Kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet na fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA mai sa ido kan ruwa kuma ta bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin "high risk", wato babban haɗari. "River flooding" tumbatsar gulbi ce, irin wadda ke bin fadamar Rima ta Argungu da Birnin Kebbi da Kalgo, musamman in an yi "dam release", wato an saki ruwa daga madatsar Goronyo ko Bakolori. Manoman shinkafa ba su manta da asarar da ambaliyar 2020 ta jawo ba. "Flash flood" kuwa ba ta buƙatar gulbi: ruwan sama mai ƙarfi da kwatar da shara ta toshe sun isa su rusa gidan laka cikin dare. "Evacuate" umarni ne na a tashi a koma tudu nan take.

Wanda ba ya karatun boko ya miƙa rubutun ga ɗansa ɗan makaranta ko malamin asibiti ya karanta masa; matambayi ba ya ɓata. Hukumomi kuma, daga SEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiha, har ofisoshin ƙananan hukumomi, su riƙa fassara waɗannan sanarwa zuwa Hausa da Fulatanci, su ba hakimai da limamai da gidajen rediyo, tun kafin gulbi ya cika.