Raunin Fuskar Dattijo da Ya Ƙi Warkewa

Fuska wuri ne mai yalwar jijiyoyin jini, shi ya sa rauninta kan warke da sauri fiye da na ƙafa. Saboda haka idan dattijo ya faɗi ya yanke a kumatu ko gefen ido, aka ɗinke, amma bayan makonni wurin yana kumbura yana fitar da mugunya, akwai abin dubawa. Mukan ɗora laifin a kan tsufa ko ciwon suga. Ni kuwa ina ganin tambayar da ta kamata a fara yi ita ce ko an ɗinke raunin da wani abu a ciki: tsinken kara, ƙaya, ɓarin gilashi ko gutsuren haƙori.

Gano hakan ga tsofaffi yana da wuya. Wani bai tuna yadda ya faɗi ba, wani jin zafinsa ya ragu, wani kuma kawaici ya hana shi yawan koke. Likita kuwa yana dogara ƙwarai ga labarin da aka ba shi.

Na'urori ma suna da iyaka. Tun 1895 da Röntgen ya gano hoton ƙashi a Jamus ake amfani da shi, kuma yana nuna ƙarfe da yawancin gilashi, amma itace da ƙaya da roba sukan ɓuya masa. Ko a hoton CT, busasshen itace kan fito tamkar iska. Sikanin irin na masu juna biyu yakan gano tsinken da bai yi nisa da fata ba. Na'urar MRI kuwa, mai aiki da maganaɗisu, haɗari ce idan ana zaton ƙarfe ne, musamman kusa da ido. Ashe ke nan hoton da bai nuna komai ba bai wanke raunin daga zargi ba.

Barin abin a ciki na iya jawo ƙurji mai zurfi, ko sarƙewar haƙora, ko asarar ido. Kirana ga 'ya'ya da jikoki shi ne su raka iyayensu asibiti, su faɗi abin da aka faɗa a kansa, in da hali su tafi da guntunsa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ma'aikatan lafiya kuma su wanke rauni, su bincika cikinsa da kyau kafin su kai allura da zare. Wanda rauninsa ya dawo bayan ya sha magani, a tura shi babban asibiti.