Kowane kwaɗo da mabuɗinsa

Jikin ɗan Adam yana ƙera furotin iri wajen 20,000. Su ne ma'aikatan jiki: waɗansu suna narkar da abinci, waɗansu suna ɗaukar iska cikin jini. Da yawa daga cikinsu har yanzu ba a gane aikinsu ba.

In masana suna so su san aikin wani furotin, sai su dakatar da shi, su ga abin da zai biyo baya. Don haka sukan haɗa ɗan sinadarin bincike, wanda zai liƙe masa ya hana shi aiki. Tun shekarar 1894 Emil Fischer, masani Bajamushe, ya kwatanta irin wannan haɗuwa da shigar mabuɗi cikin kwaɗo.

Wuyar aikin ita ce furotin suna da dangi masu kama da juna. In sinadari ya taɓa goma, ba za a san wanne ya jawo sakamakon ba, sai a yi hasarar shekaru da dukiya wajen neman magani inda babu shi. Shi ya sa aka gindaya sharaɗi: ƙarfinsa a kan wanda aka nufa ya ninka sau 30 bisa ga sauran dangi.

A shekarar 2010 ƙungiyar James Bradner ta cibiyar Dana-Farber a Amurka, tare da masanan Oxford a Ingila, suka bayyana sinadarin JQ1, wanda Jun Qi ya haɗa. Yana kama furotin BRD4, mai hannu cikin wata cutar daji, da ƴan uwansa uku na kusa, ya bar sauran dangi.

JQ1 yana da abokin tagwaitaka, kamarsu ɗaya kamar hannun dama da na hagu, amma shi ba ya kama BRD4. Ana gwada su biyun tare. In ɗayan ma ya kawo sakamako iri ɗaya, to ba daga BRD4 abin ya fito ba.

JQ1 bai zama magani ba, domin ba ya daɗewa cikin jiki. Amma Bradner ya raba shi kyauta ga ɗakunan bincike na ƙasashe da dama, ya kuwa share hanyar gwajin sababbin magungunan cutar daji.