Fashin Teku Daga Tudu Yake Farawa

Yawancin hajar da muke gani a kantunan Kano da Zariya ta jirgin ruwa take zuwa, a sauke ta a Ikko, sa'an nan a hauro da ita Arewa. Saboda haka duk abin da ya taɓa jirgi a teku, lalle ya taɓa aljihunmu.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1991 gwamnatin Somaliya ta rushe, ba mai tsaron gaɓar ƙasar, jiragen baƙi suka yi ta kwashe kifinta. Daga nan waɗansu samari suka ɗauki bindiga, suka shiga tare jiragen fatake da ƙananan kwale-kwale masu inji. A watan Nuwamba‌ na 2008 suka kama Sirius Star, jirgin Saudiyya mai ɗauke da mai ganga miliyan 2, ba su sake shi ba sai Janairu 2009, bayan an biya fansa. A 2013 Bankin Duniya ya ƙiyasta fashin Somaliya yana jawo wa cinikin duniya hasarar dala biliyan 18 kowace shekara.

Yadda hasarar take isowa gare mu shi ne, kamfanonin inshora sukan ƙara kuɗi ga jirgin da zai bi hanya mai hatsari. Mai jirgi ya ɗauki masu gadi, ko ya yi zagaye. Duk wannan a kan kaya ake ɗorawa, watau mai saye shi ke biya.

Mu ma abin ya zo ƙofar gidanmu. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya, 130 a Mashigin Tekun Gini aka kama su. Kuɗin fansa kuwa shi ke sayen makamai, makaman nan kuma ba a ruwa suke kwana ba.

To, amma an ga magani. A 2013 ƙasashen yankin suka ƙulla yarjejeniya a Yawunde. Nijeriya ta kafa dokar hukunta 'yan fashin teku a 2019, ta ƙara jiragen sintiri a 2021, fashi ya ragu ƙwarai.

Abin lura ga malamai da ma'aikata shi ne, ɗan fashi a tudu ya tashi, a tudu kuma yake ɓoye ganima. Inda akwai shari'a mai ƙarfi, da makaranta, da sana'a ga samari, da wuya ya sami mabiya. Allah ya kiyashe mu, amin.