Ƙuri'ar Murya a Majalisa: Wa Ya Ƙirga Kashi Biyu Cikin Uku?

Tun ranar 20 ga Maris 2025, lokacin da Majalisar Dattawa da ta Wakilai suka amince da dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas ta hanyar ƙuri'ar murya, gardama ɗaya ta ƙi mutuwa a gidajen rediyo da teburan mai shayi. Wasu na cewa ƙuri'ar murya maguɗi ce tsantsa da aka ƙirƙiro don a danne masu adawa. Wasu kuma na cewa ai haka aka saba, majalisa ta amince, magana ta ƙare. Duka ɓangarorin biyu sun kauce, amma kuskuren na biyun ya fi ci mini rai, domin shi ne yake rufe ƙofar tambaya.

Ƙuri'ar murya ba baƙuwa ba ce. Mun gaje ta daga majalisar Ingila, kuma kusan duk aikin zaure da ita ake yi. A ranakun zama, Talata zuwa Alhamis, ana shigo da sandar majalisa, a yi addu'a, a amince da bayanin zaman da ya gabata, sannan a bi jadawalin ranar ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ake buƙatar matsaya, mai jagorantar zaman zai nemi masu goyon baya su amsa, sannan masu adawa su amsa, ya saurari ɓangaren da ya fi amo, ya buga guduma. Ba ya kai minti ɗaya. Da a ce sai an ƙirga sanatoci 109 da wakilai 360 a kan kowace saɗara ta kasafin kuɗi, shekara za ta ƙare ba a gama ba. Ta kuma taɓa yi wa ƙasa rana: da murya Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta binne ƙudirin tazarcen Obasanjo ranar 16 ga Mayu 2006, jama'a na kallo kai tsaye a talabijin.

Matsalar tana farawa ne a inda kundin tsarin mulki ya ambaci adadi. Sashe na 305 ya ce dokar ta-ɓaci ba ta ɗorewa sai kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa sun goyi baya. Dukkansu ya ce, har da wanda ke kwance a asibiti da wanda ya tafi mazaɓarsa. Wato sanatoci 73 da wakilai 240. To, wane kunne ne zai iya bambanta muryar mutum 73 da ta mutum 60 a zauren da lasifika ke amsa kuwwa?

Je ka kasuwar Dawanau ka ga yadda ake ciniki. Idan maƙwabcinka ne ya roƙi ɗan gero na kunu, sai ka ɗiba da hannu ka zuba masa, babu mai neman awo. Amma idan ka biya kuɗin mudu arba'in, mai hatsi ya ɗaga buhu ya jinjina ya ce ai ya kai, ba za ka yarda ba ko da limamin unguwarku ne. Ba don ka zarge shi da ha'inci ba. Mai yiwuwa ma ya zarce arba'in ɗin. Sai dai an yi ciniki a kan adadi, kuma mudu na nan a gefensa, me zai hana a auna?

A Majalisar Wakilai, Kakaki Tajudeen Abbas ya sanar cewa mutum 243 ne suka sa hannu a rajistar halarta. Wannan lissafin masu zuwa ne kawai. Ko da duk suna zaune a kujerunsu lokacin da aka buga guduma, mutum huɗu kacal za su ƙi amincewa adadin ya gaza 240. A Majalisar Dattawa kuwa, an fara shiga ganawar sirri, aka fito, shugabanta Godswill Akpabio ya nemi murya, aka wuce. Daga baya Sanata Aminu Waziri Tambuwal ya fito fili ya ce ba a cika adadin ba. Babu wata takarda da za a ɗauko a tabbatar da maganarsa ko a ƙaryata shi, alhali ana maganar dakatar da zaɓaɓɓen gwamna, Siminalayi Fubara, da mataimakiyarsa da majalisar jiharsa har watanni shida.

Abin takaicin shi ne hanyar ƙirgar tana nan, kuma 'yan majalisar sun san ta. Ranar 15 ga Yuli 2021, ana gyaran dokar zaɓe, aka zo kan batun tura sakamako ta na'ura. Shugaban Majalisar Dattawa na lokacin, Ahmad Lawan, ya yanke hukunci da murya, shugaban marasa rinjaye Enyinnaya Abaribe ya tashi ya ƙalubalanta, ya nemi a ƙirga. Aka riƙa kiran sanatoci ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi matsayarsa da bakinsa: 52 a gefe guda, 28 a ɗayan, sauran 28 ba sa nan. Washegari jaridu suka jera sunaye, kowace mazaɓa ta ga inda nata ya tsaya, har da waɗanda suka sulale. Haka ma ranar 1 ga Maris 2022, da na'ura aka kaɗa ƙuri'a kan ƙudirori 68 na gyaran tsarin mulki. A nan ne ƙudirin ware wa mata kujeru ya faɗi, kuma saboda an ga alƙaluma a allo, mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisa suna sane da tazarar da aka kayar da su.

Ina ganin wannan ne dalilin da ya sa murya ta fi wa 'yan majalisa da yawa daɗi. A cikin hayaniya babu mai suna. Mutum zai amsa da ƙarfi a Abuja don ya faranta wa jam'iyya, ranar Juma'a ya dawo gida ya rantse cewa shi bai goyi baya ba, kuma babu mai iya kama shi. Mu ma muna da namu kason laifin. Idan ɗan majalisa ya zo gari, tambayarmu ba ta wuce rijiyar burtsatse da taki da takardar ɗaukar aiki. Da wuya ka ji wanda ya tare shi ya ce, ranka ya daɗe, ranar da aka yi maganar haraji, ina ka jefa ƙuri'armu?

Gyaran bai buƙatar taɓa tsarin mulki. Sashe na 60 ya ba kowace majalisa ikon tsara dokokin zamanta. Saɗara ɗaya ta isa: duk inda kundin ya ambaci kashi biyu cikin uku, a ƙirga da suna, akawun majalisa ya wallafa jerin a ranar.