Hutu da Sassarfa Bayan Gudun Fanfalaki

Cikakken gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195. Irinsa ake yi a Legas duk shekara tun 2016, Kaduna ma ta shirya na rabin zango a Nuwamban 2020. Saurayin da ya tashi daga Babura ko Kazaure ya je irin wannan tsere, yakan dawo da zumuɗin komawa fili washegari don kada saurinsa ya zube. Wannan zumuɗin shi ke kwantar da 'yan tsere da yawa.

Dogon gudu yana ƙarar da sukarin da jiki ya tara a tsoka da hanta, yana kuma yi wa zaruruwan tsoka ƙananan yagewa da ido ba ya gani. Shi ya sa tsamin jiki ya fi tsananta a rana ta biyu ko ta uku. Sukarin yana dawowa cikin 'yan kwanaki idan ana cin tuwo da shinkafa, ana shan fura da nono. Gyaran tsoka kuwa yana ɗaukar mako biyu ko fiye, kuma wake da ƙwai da ƙuli-ƙuli da isasshen barci yake nema. Abin lura, tsamin yana gushewa tun gyaran bai kammala ba, sai mutum ya ɗauka ya warke.

Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya kammala tseren Balin na 2022 cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9, yakan huta na makonni bayan kowace babbar gasa. Tsohuwar ƙa'idar masu horarwa ita ce kwana ɗaya na sassauci ga kowane mil da aka gudu, wato kwana 26 ga cikakken tsere.

Kwanakin farko tafiya da ƙafa ta wadatar, kamar yadda mai doki ke zagayawa da shi bayan sukuwa har ya huce kafin ya ɗaure shi a turke. Daga nan sai sassarfa ta minti 20 zuwa 30, rana bisa rana. Ma'auninta mai sauƙi ne: idan ba ka iya hira da abokin gudunka ba tare da haki ba, ka wuce gona da iri, rage.

Ƙasar tana da nata sharaɗin. Rairayin Babura ya fi kwalta taushi, amma inda ƙafa ke nutsewa yana wahalar da agara da sha-raɓa, don haka hanyar gona da ta taku ta fi. A bazara zafi yakan haura digiri 40, sai a fita bayan sallar asuba, a dawo kafin hantsi. Mai azumi ya jira sai bayan buɗa-baki.

A mako na uku ake fara taɓa sauri: gudun mita 80 zuwa 100 sau huɗu ko shida, da ƙarfi amma ba iya ƙarfi ba, ana komawa da tafiya tsakani. Hawan tuddan Kazaure da Roni yana gina ƙarfin cinya, sai dai gangarowa ita ta fi yaga tsoka, don haka a bar shi sai an cika wata.

Idan ciwo ya tsaya wuri guda a ƙashin ƙwauri, a dakatar da gudu. Idan kuwa fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi bayan tsere, a tafi asibiti a ranar, domin ƙoda na iya taɓuwa.