Ciwon Suga a Ƙasar Gobir: Me Ya Tabbata, Me Ya Zama Jita-jita?

Daga Kurawa zuwa Sabon Birni da Isa, mai ciwon suga ba ya rasa masu ba shi shawara. Wani ya ce jiƙon shuwaka ko darbejiya kan tuge ciwon daga saiwa, wata ta ce da zarar fitsarin dare ya ragu an warke. Duka biyun ba gaskiya ba ne. Ɗaci ba ya warkar da suga, kuma jin sauƙi alama ce ta cewa ƙwayar metformin tana aiki. Wanda ya ajiye ta, sugan zai sake hawa a ɓoye, yana cin idanu da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Sau da yawa sai ƙaya ta soki tafin ƙafa ba a ji ba, mikin ya ƙi warkewa, sannan a garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, wani lokaci ƙafar ta riga ta lalace.

Akwai maganar da ke da ƙamshin gaskiya: cewa maganin na kayar da mutum. Glibenclamide da allurar insulin kan sauke suga fiye da kima idan aka yi amfani da su ba a ci abinci ba, sai rawar jiki da zufa da jiri. Maganin wannan shi ne a sha ruwan sukari nan take, a kuma je wurin likita ya daidaita awon, musamman kafin azumi. Zuma kuwa, da wasu ke ɗauka ba ta da illa ga mai ciwon, tana ɗaga suga kamar sukari.

Masu cewa insulin ba ya zama sai da firij ma sun yi kuskure. Binciken Jami'ar Janiba da ƙungiyar likitoci ta MSF, wanda ya fito a 2021, ya nuna kwalbar da aka buɗe na riƙe ƙarfinta mako huɗu a zafin da ke kaiwa da komowa tsakanin digiri 25 da 37. Zafin bazarar Gobir ya wuce haka, don haka a ajiye ta a inuwa, gindin randa mai sanyi.

Abin da ba jita-jita ba shi ne tsadar magani da hatsarin hanya saboda 'yan bindiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 fiye da rabin masu ciwon a duniya ba sa shan magani. A nan haƙƙi na wuyan gwamnati: ta kai magani da na'urar gwaji asibitocin karkara. Mai ciwo kuma, idan kuɗi sun gaza, ya faɗa wa ma'aikacin lafiya kafin ya yanke ƙwaya da kansa.